Rasuwar Koren Fasfon Senzeni a Bakin Gada

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Senzeni Mlotshwa, 'yar marigayi Baba Mlotshwa na Sipepa a ƙasar Tsholotsho, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan cocinsu na gida da na Egoli, babban birnin ci-rani da ke can tsallaken iyaka, da duk wanda ya taɓa tsayawa layi tare da ita, rasuwar abokin zamanta kuma rufin asirinta, wato koren fasfonta. Ya cika da rana tsaka, a kan kantar jami'an shige da fice da ke bakin gada, a gaban idon mai shi, bayan wata doguwar cuta da ta cinye shi ta ciki ba tare da sanin kowa ba sai mutum ɗaya. Ya rasu yana ɗan shekara bakwai, da sauran shekara uku a gabansa waɗanda gwamnati ta rubuta masa da hannunta.

Marigayin ya rasu ya bar Senzeni a wannan gefe na kogin Limpopo, ya bar 'yarta Nozipho mai shekara huɗu a wancan gefe. Don haka duk wanda dariya ta kama shi da jin an yi wa takarda sanarwar mutuwa, ana roƙonsa ya riƙe ta tukuna.

An haifi marigayin a Bulawayo, bayan naƙuda mai tsawo a layin da ya zagaye ofis ya dangana da titin baya. Baba Mlotshwa ne ya sayar da karsanar da ya fi so don a biya kuɗin haihuwar. Ranar ɗaukar hoto aka sa Senzeni ta cire ɗankwali, ta fito da kunnuwanta, ta haɗiye murmushinta, shi ya sa duk wanda ya buɗe shafin farko yake ganin mace kamar wadda aka tsare da laifi. Da ta kai shi gida, tsohon ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, ya jujjuya shi, ya kai hanci, ya ce warin sabon takalmi yake yi. Daga nan ya miƙa mata, ya ce ta kula da shi, karsana ce guda a ciki.

Tare suka tsallake gadar a karon farko. A nan ne Senzeni ta fara jin muryarsa, domin marigayin ba mai surutu ba ne, kalma ɗaya tak ya iya. Sai hatimi ya sauka a kansa yake cewa "tim", ya yi shiru. Ta ce ba ta taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Kowa ya san yadda abin yake. A gada ba izinin aiki ake bayarwa ba, kwanaki ake bayarwa, kwanakin kuwa ƙarewa suke yi kamar sabulu. Idan sun ƙare dole mutum ya fita ya sake shigowa a buga masa sababbi. Gidan da Senzeni ta samu aikin wanki da goge-goge a unguwar masu dogayen katangu kuma bai san da wannan ba, abin da ya sani shi ne ƙarfe shida ta yi mata a kicin. Sai ta yi abin da dukan 'yan beninsu na unguwar Hillbrow a Egoli suke yi. Ta zauna, ta aiki fasfon ya je gida a madadinta.

Mai kai shi shi ne Mehluli Tshuma, malayitsha, direban da ke jigilar kayan 'yan ci-rani zuwa ƙauyukansu. A-kori-kurarsa tana jan amalanke mai lodi har sama: buhunan garin masara, siminti, katifu, ƙofofin ƙarfe, wani lokacin ma akwatin gawa a tsakiya an lulluɓe shi da tamfol. A ƙarƙashin kujerarsa kuwa akwai wata tsohuwar robar askirim, a ciki fasfon mutane suke kwance kan juna kamar fasinjojin da suka saba. Yana da mutuminsa a kan iyaka, wanda ba a taɓa tambayar sunansa ba. Fasfo ya fita a buga masa, ya dawo a buga masa, mai shi tana Egoli tana guga. Idan Mehluli ya zo karɓa yakan tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makulli, ya ce, "Ƙanwata, ina matafiyin? Ya yi wanka kuwa? Kada ya sa mu makara."

A nan ya kamata a faɗi kyawawan halayen marigayin, kuma suna da yawa. Bai taɓa ƙorafin zafi ba, bai taɓa neman a tsaya ya yi fitsari ba, bai ci guzurin kowa ba. Ya fi mai shi bin doka nesa ba kusa ba, domin bai taɓa wuce kwanakinsa ba ko sau ɗaya. Ya kuma kasance mai zumunci. A takarda, babu macen da ta kai Senzeni son gida a duk Tsholotsho. A takarda ta yi kowace Kirsimeti a Sipepa, alhali a ranakun tana tsaye tana kankare tukwanen Kirsimetin wasu. Duk lokacin da Mehluli ya sauke wa Baba Mlotshwa gari da man girki, sai tsohon ya ce a fito masa da baƙon. Ya ɗora shi a kan kujerar baƙi, ya buɗe hoton ya daɗe yana kallo, ya tambaye shi ko tana cin abinci. Wani zubin har garke yake kai shi, ya durƙusa ya shaida wa kakanni cewa ga 'yarsu ta zo gaishe su, su yi haƙuri da yadda ta zo. Fasfon yakan dawo Egoli da ƙamshin hayaƙin ice a jikinsa. Senzeni ta sa fuskarta a tsakanin shafukan ta shaƙa, sannan ta mayar da shi cikin rigarsa ta leda ta tura ƙarƙashin katifa.

A ƙarƙashin katifar yake lokacin da aka haifi Nozipho. Uban yarinyar ya tafi tsinkar inabi can kudu, wayarsa ta daina shiga, shi ke nan labarinsa. Nozipho ta taso ba ta da takardar wannan ƙasa, ba ta da ta waccan. Neman takardar yana buƙatar uwa ta je ta tsaya gaban mutane masu tambayoyi, Senzeni kuwa tambaya ce abin da ta fi gudu. Ta riƙa cewa sai an samu sarari.

Cutar ta kama marigayin ne bara. Mutumin Mehluli na kan iyaka ya ɓace, ko canja masa wurin aiki aka yi, ko kama shi aka yi, babu wanda ya sani. Mehluli bai gaya wa kowa ba. Ya samu wani a bayan wani gidan mai, wanda ya sassaƙa hatiminsa da dundunyar takalmi, yana buga wa mutum fita da shiga a zama ɗaya, a kan cinyarsa. Alamun ciwo sun bayyana, kada a ce ba su bayyana ba. Tawadar ta koɗe. Ranakun suka riƙa fitowa a karkace. Marigayin ya soma dawowa da wuri, kuma babu ƙamshin hayaƙi a jikinsa sai warin fetur. Da Senzeni ta yi magana, Mehluli ya yi dariya ya ce gwamnati ce ta sauya tawada, rayuwa ta yi tsada, har tawadar ma sirka ta ake yi da ruwa. Ita ma ta yi dariya. Duk benin aka yi dariya, aka ci gaba da miƙa masa fasfo.

Sai ga kiran yayanta Velaphi da sassafe. Baba ya faɗi a bakin garke, kafin a samo mota ya cika.

Uwargidan da take wa aiki ta ba ta mako guda. Tafiya da Nozipho ba ta taso ba, yarinya marar takarda ba ta wuce gada. Ta damƙa ta a hannun MaNyathi, dattijuwar da labule kawai ya raba makwancinsu a ɗaki ɗaya. Ta durƙusa ta gaya wa yarinyar cewa za ta je ta dawo kafin ta gama kewarta. Sannan ta ciro marigayin, ta duba hatimin ƙarshe, ta ga akwai sauran kwanaki. Ta hau bas da hankalinta a kwance, tana jin kanta cikin masu gaskiya. Wannan ce tafiyarsu ta biyu tare a tsawon rayuwarsa, kuma ita ce ta ƙarshe.

Sun isa gada rana tana dukan tsakiyar kai. Layi ya ja su a hankali har gaban wata jami'a mai tabarau. Jami'ar ta ɗora marigayin a kan na'ura. Senzeni ta saurara ta ji kalmarsa, ba ta ji ba. Matar ta dubi allon, ta dubi Senzeni, ta soma buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ta lasa babban yatsanta ta murza hatimin ƙarshe. Ta ɗaga yatsan, ga shi ya yi shuɗi.

"Yaushe kika shigo ƙasar nan?"

Senzeni ta faɗi ranar da ke rubuce.

"Na'urata ta ce tun bara kika shigo, ba ki sake fita ba. Wannan hatimin ba namu ba ne, 'yar uwa. Namu ba ya bin yatsa."

Aka wuce da ita ɗakin baya, aka ɗauki zanen yatsunta duka goma. Ta taga tana kallo bas ɗinsu ya jira ta ɗan lokaci, ya yi ham sau biyu, ya ja ya tafi da jakarta da shinkafar da ta sayo don masu zaman makoki. Jami'ar ta shigo da takardu, ta lura da baƙin ɗankwalin da ke kanta, ta tambaye ta wa ya rasu. Ta ce mahaifinta. Matar ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan kowane shafi mai ciwo, ta ɗauko wani hatimi dabam, babba, ta sauke. Marigayin ya ce "tim", da wata murya mai nauyi wadda Senzeni ba ta san shi da ita ba. Ita ce maganarsa ta ƙarshe. An haramta mata shiga ƙasar har shekara biyar.

Jami'ar ta ce in da abin da aka rubuta za ta bi, a kulle Senzeni za ta kwana, daga nan sai gaban alƙali. Ta ce ta ɗauki abinta ta je ta binne mahaifinta.

"Ina da yarinya a Egoli," in ji Senzeni.

"Tana da takarda?"

Senzeni ta girgiza kai.

"To ban ji ba," in ji matar, tana tattara takardunta. "Don in na ji, sai na rubuta. In na rubuta, za a je a ɗauke ta. Kin gane? Ban ji komai ba."

Da ƙafa ta tsallake gadar, da gawar a cikin rigarta. A tsakiya ta leƙa ƙasa. Damina ta zauna sosai a bana, kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa har da saiwarsu.

Ta samu jana'izar mahaifinta da kyar, ana shirin mayar da ƙasa. Mehluli ma yana wurin, shi ne ya kawo kujerun haya da buhun kabeji, yana ta kai-komo kamar ɗan gida. Bayan an watse daga kabari ta ja shi bayan garke, ta buɗe masa shafukan. Bai yi musu ba. Ya sosa ƙeya ya ce ai duk na cikin robar haka suke, babu mai lafiya ko ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa samun matsala.

"Ke kaɗai ce kika yi gangancin tafiya da shi, ƙanwata. Da kin tambaye ni. Ai ba don tafiya muke buga shi ba, don nuna wa 'yan sanda a titi ne."

Velaphi, da ya biyo su, ya sunkuya ya ɗauki ƙotar gatari. Sai da tsofaffin mata uku suka rirriƙe shi, suna ce masa ba a zubar da jini ƙasar kabari ba ta bushe ba. Mehluli ya ja da baya yana rantsuwa cewa zai gyara. Ya ce zai kawo Nozipho har Sipepa kyauta, a tsakanin buhunan gari, a ƙarƙashin tamfol, ya sha kawo yara haka. Senzeni ta san ya sha kawowa. Ta kuma san labarin waɗanda aka ɗaga tamfol aka gani, aka kai su gidan ajiyar yara, iyayensu suna nan suna bin ofisoshi da hannu biyu babu takardar da za ta ce nasu ne. Ta ce masa wanda ya kashe mata takarda ba za ta ba shi mai numfashi ba.

Iyalan marigayin suna son jama'a su sani cewa an yi iya ƙoƙari. Fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a. Wani a Bulawayo ya ce yana iya wanke shafukan da ruwan bilic, da aka ga aikin da ya yi wa wata mata aka gode masa aka tashi. An ce ta nemi sabo, sai wani masani ya ce haramcin ba a takarda yake zaune ba, a yatsunta yake, sai dai in za ta sake yatsu. An ce ana iya rubuta roƙo zuwa can sama, amsa takan zo, wani lokacin ma a cikin shekarar. Wani kuma ya yi mata albishir da cewa Zambiya ba ruwanta da wannan haramcin. Ta ce ba ta bar kowa a Zambiya ba.

Uwargidan ta aiko da saƙon ta'aziyya, ta tambayi ranar dawowa. Ta sake tambaya. Daga nan ba ta sake ba.

MaNyathi kuwa ta yi abin da ko uwa sai haka. Amma an liƙa takarda a ƙofar beni cewa kowa ya fita ƙarshen wata, ɗanta kuma zai zo ya tafi da ita Durban, ɗaki ɗaya gare shi da mata da 'ya'ya. Ta faɗa a waya: "Ba gajiya na yi ba, 'yata. Wallahi ba gajiya ba ce. Wurin sa ta ne ba ni da shi." A makon farko Nozipho takan ƙwace wayar ta tambayi uwarta ko ta taho. A mako na biyu takan karɓa ta yi shiru, sai numfashinta ake ji. Yanzu in an miƙa mata wayar sai ta ɓoye hannuwanta a baya.

Bayan waɗanda aka ambata, marigayin ya bar rigarsa ta leda, wadda ta tsage a gefe amma tana nan da ranta. Ya bar 'yan uwansa na cikin robar askirim, waɗanda har yau suke kai-komo da cutar a jikinsu, masu su suna barci da su a ƙarƙashin katifa cikin kwanciyar hankali. Ana shawartar masu su, kafin kowa ya hau bas, ya lasa yatsa ya murza. Ya kuma bar Mehluli Tshuma, wanda ba a gayyace shi jana'iza ba.

Ga yadda aka tsara jana'izar. Za a tashi da gawar daga Sipepa ranar Alhamis, a motar haya, Velaphi zai raka ta har inda kwalta ta ƙare, daga nan ya juya, domin akwai shanu da babu mai kula da su. Za a ci gaba da ƙafa zuwa wani wuri a bakin kogi wanda ba za a faɗi sunansa a nan ba. Masu tsallakar da mutane kogi a ɓoye ne za su jagoranci hidimar, kuma su ne suka ce ba a shiga ruwa da takarda mai suna. Wanda aka kama babu komai a jikinsa yana iya zama kowa, wanda aka kama da jan layi a aljihu ya kawo wa kansa shaida. Saboda haka a wannan gefen za a binne marigayin, a gindin wata bishiya, Senzeni za ta tona da hannunta. Ba za a sa alama ba. Ba su faɗi sa'a ba, sun ce sai sun ga ruwa, sun ga masu sintiri.

Ana roƙon masu rakiya su sa tufafi masu duhu, su kashe waya su ɗaure ta a leda, su ɗora takalma a ka. Ba za a yi waƙa ba, ba za a yi kuka da sauti ba. Bayan an rufe kabari za a kama hannun juna a yi layi ɗaya, dogayen maza a ɓangaren da ruwa ke tahowa, mata a tsakiya. An ce a wurin da aka zaɓa ruwan iyakarsa ƙirji, ga mai tsayi. Senzeni ba doguwa ba ce. An ce idan hannu ya saki, ba a tsayawa, kuma kowa ya amince da wannan tun a kan tudu. Ita ma ta amince.

Babu zaman makoki, ba a karɓar furanni. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Mai son yin ta'aziyya ya jira zuwa Lahadi da yamma, ya kira lambar MaNyathi. Idan Senzeni ce ta ɗauka, an yi jana'iza lafiya, sai a yi mata gaisuwa a taƙaice a bar ta ta huta. Idan MaNyathi ce ta ɗauka, a tambaya da murya ƙasa-ƙasa, domin yarinyar tana kusa, kuma tana gane komai.